Mai Sanyi da Minti Hamsin

Yayana mai gyaran firji ne. Shagonsa yana bakin babban titi, tsakanin mai facin taya da wani kantin magani, kuma tun daga nesa za ka gane shi da matattun firji da ke jere a ƙofa, wasu ba murfi, wasu a kwance kamar marasa lafiya masu jiran likita. Saboda sana'ar ake ce masa Mai Sanyi, amma sunan ya dace da halinsa, don mutum ne da bai san gaggawa ba. Kana iya kawo masa firiza cike da nama yana shirin lalacewa, kana ta kumfar baki, shi kuwa sai ya jawo kujera, ya kara kunne a jikin kwampresa, ya yi tsit sai ka ce ana gaya masa asiri. Ni ce autar gidanmu. Tun tasowata ban taɓa ganin ya yi gudu ba, ko da ruwan sama ne ya tsinke masa a hanya.

Babanmu ya rasu yana da shekara hamsin da biyu. Ya dawo daga aiki, ya zauna a kujerarsa, ya ce a ba shi ruwa, kafin a kawo ya sulale. Yaya ne ya ɗauke shi zuwa mota, yana saurayi a lokacin, kuma daga ranar nauyin gidan ya koma kansa. Ba ya son a ta da maganar. Sai dai jikin Baba ya ɗauko kaf, gajeren wuyan da faɗin kafaɗar, kuma da shekaru suka ja tumbin ma ya zo ya same shi.

Yana da arba'in da bakwai ciwon kai ya matsa masa. Ni na raka shi asibiti, don matarsa, wadda nake kira Anti, ta yi tafiya a satin. Likitar ta gwada jininsa, ta sake gwadawa, sannan ta ajiye abin awon ta tambayi abin da ya yi ajalin mahaifinmu. Yaya ya tsura wa bango ido, ni na ba ta amsa. Ta rubuta masa maganin hawan jini, ta ce ya rage gishiri, kuma ya riƙa tafiyar ƙasa kowace safiya. A hanyar komawa ya ce mini ai shi wuni yake yana cicciɓar firji, wane motsa jiki ne ya wuce wannan. Na ce ya koma ya gaya wa likitar.

Bai koma ba, amma ya fara tafiyar. Da asuba yake fita, da silifas ɗinsa na aiki, ya kai shataletale ya dawo. Anti ce ta fara gane cewa abin ya wuce tafiya, don ta ce rigar da yake dawowa da ita sai an matse ta. Da ta tsare shi da tambaya ya amsa, yana sosa ƙeya, cewa in ya duba gaba da baya bai ga kowa ba yakan ɗan taɓa gudu daga wannan falwaya zuwa waccan. Ya roƙe ta kada ta gaya wa yara. Kafin azahar har ni na ji.

Akwai tseren da ake yi a garin duk shekara, na kilomita goma, kuma ta gaban shagon Yaya yake wucewa. A da ba abin da ke ɓata masa rai kamarsa, don ana rufe titin tun safe, mai kawo aiki ba ya iya kawowa. Yakan ce a rasa abin yi sai gudun yada ƙanin wani, mutum da gemunsa ba a kore shi ba yana ta haki a titi. A shekarar nan kuwa sai ya fito da kujera ya zauna kallo. Na gaba ba su dame shi ba, samari ne sirara da suka wuce kamar iska. Na baya ya tsaya kallo, masu ƙiba da masu ɗingishi, har da wani dattijo mai furfura fat da ya girme shi nesa ba kusa ba. Dattijon ya ratse ya tsaya a ƙofar shagon ya nemi ruwa. Yaya ya miƙa masa na buta, wanda rana ta riga ta dafa. Dattijon ya kurɓa, ya dubi firjin da ke kewaye da shi, ya ce, "Shago cike da firji, a rasa ruwan sanyi?"

Yaya ya ce ai duk marasa lafiya ne, da suna da lafiya da ba a kawo su wurinsa ba. Dattijon ya yi dariya har ya ƙware, ya koma titi ya ci gaba da gudunsa. Kofur ake ce masa, tsohon soja ne da ya yi ritaya. Bayan kwana biyu ya dawo da wani ƙaramin firjinsa a bayan babur, kuma kafin a gama gyaran ya riga ya shigar da Yaya cikin 'yan ƙungiyarsu masu fita gudu da asuba. Ba su da yawa. Wanda ya fi shaƙuwa da su biyun shi ne wani ma'aikacin banki da suke kira Akawu, mutum mai son ƙididdiga, wanda wayarsa ke auna nisan duk inda suka bi.

Da shekara ta zagayo Yaya ya shiga tseren. Muka je kallo, ni da Anti da yaransa, muka tsaya a bayan igiya kusa da layin ƙarshe, inda aka kafa wani babban agogo a kan ƙarfe. Mutane suka yi ta shigowa, rana ta yi ta ɗagawa, masu raba ruwa suka fara tattara teburansu. Can sai ga shi tafe, motar asibiti na bin bayansa a hankali kamar mai rakiya, fuskarsa ta yi baƙi ƙirin, lambar da aka maƙala masa a ƙirji ta jiƙe ta yage ta gefe ɗaya. Ya tsallake layin, ya nemi bakin kwalta ya zauna, kansa a tsakanin gwiwoyi. Na durƙusa ina tambayar ko lafiya. Abin da ya fara fitowa daga bakinsa shi ne, nawa agogon ya nuna.

Ya haura awa ɗaya da 'yan kai. Kofur, wanda ya riga shi isowa har guminsa ya bushe, ya dafa kafaɗarsa ya ce ya yi ƙoƙari, amma fa mutum ba ya kiran kansa mai gudu sai ya gama kilomita goma ƙasa da minti hamsin. Da wasa ya faɗa, irin tsokanar da suka saba. Shi kansa rabonsa da yin hakan tun yana cikin kaki. Amma na ga yadda Yaya ya ɗago ya dube shi, kuma na san halin ɗan'uwana. In abu ya shiga kansa ba ya surutu a kai, sai dai ka ga ya fara gyara zama.

Ya sayi takalmin gudu da agogon hannu. Ya koyi abubuwan da ban san ana koyo ba, yadda ake jan numfashi, yadda ake sa ƙafa, ranar da ake gudu mai tsawo a hankali da ranar da ake hawa gadar sama a guje a sauko a sake hawa. Tumbin ya zube. Anti ta kwashi wandunansa ta kai wa tela a rage, aka rage, aka sake ragewa, har telan ya ce gara a saya masa sababbi. Faratan ƙafarsa suka yi baƙi suka fita, wasu suka tsiro. Maƙwabtan shago suka samu abin tsokana. In ya wuce da safe mai facin taya sai ya leƙa bayansa ya tambayi wa ya biyo shi, 'yan kantin magani kuma su ce Mai Sanyi ya ɗau zafi. Murmushi kawai yake yi.

Ba zan ce gidan bai ji a jikinsa ba. Da an yi isha yake barci, ko da baƙi a falo. In ana biki a dangi ranar Lahadi sai ya gama dogon gudunsa ya iso a makare, yana taka ƙasa kamar mai tafiya a kan ƙaya. Anti takan kawo mini ƙara, ta ce ita da aka ce mijinta ya yi tafiyar ƙasa ba ta san abin zai zama aikin gwamnati ba. Amma ita ce kuma ke tashi ta ɗora masa ruwan zafi na gasa ƙafa, kuma da likita ta rage masa ƙwayoyin da yake sha, ita ta fi kowa yaɗa labarin.

A tserensa na biyu ya sauko ƙasa da awa ɗaya. A na uku abin da ya raba shi da hamsin ɗin bai kai minti guda ba. Ya ce mini yana hango agogon daga nesa, yana ganin lambobin suna juyawa, ya ce wa ƙafafunsa su ƙara, suka ce iyakarsu ke nan. Ranar bai ci abincin kirki ba.

Shekara ta huɗu ya shirya kamar mai shirin yaƙi. Ana saura kwana kaɗan wata kwalbati ta rufta a kan hanyar tseren, masu shiryawa suka karkatar da hanyar ta cikin wata unguwa. Ba wanda ya damu da wannan. Safiyar ta zo da ɗan sanyi-sanyi, ba iska. Yadda ya ba ni labari, tun daga farawa ya ji jikin nan sakayau. Bai biye wa masu fizga da wuri ba, ya kama takunsa ya riƙe. A gaban shagonsa mai facin taya ya fito yana buga ƙarfe a jikin rim ɗin taya yana kiran sunansa, bai ko waiga ba. A kan gadar sama, inda ya saba karaya, ya wuce mutum biyar. Daga nan ya ce bai ƙara jin komai ba sai ƙarar numfashinsa da takun wani yaro dogo da ke gabansa, wanda ya sa wa ido ya ƙi bari ya ɓace masa.

Mu muna layin ƙarshe. Na ga ya ɓullo daga kwana, na dubi agogo, na sake dubawa don ban yarda da idona ba. Babbar 'yarsa ta kama hannuna ta matse har ya yi mini zafi. Ya shigo agogon bai kai hamsin ba, da sauran rata mai kyau. Bai zauna a ƙasa ba wannan karon. Ya tsaya, hannuwansa a ƙugu, yana kallon agogon nan kamar bai taɓa ganin irinsa ba, hawaye na bin gumin fuskarsa. Kofur ya iso daga baya, da ya ji labari ya ƙame ya sara masa a gaban jama'a.

An yi murna a gidan ranar. Anti ta yi girki kamar na baƙi, maƙwabta suka shigo, Yaya da ba ya son surutu ya ba da labarin gadar nan ya fi sau nawa. Washegari ya buga ƙusa a saman teburin aikinsa, tsakanin filaya da tukunyar gas, ya rataye lambar yabon da aka ba shi.

Ranar Talata Akawu ya zo shagon bayan an tashi daga aiki. Ina wurin, na biyo daga makarantar da nake koyarwa in karɓi fankata da Yaya ya duba mini. Akawu ya zauna yana ta juya waya a hannu, ya yi maganar zafi, ya yi maganar taya, sannan ya ce akwai abin da yake ganin gara Yaya ya ji daga bakinsa. Hanyar da aka karkatar ba ta cika ba. Wayarsa ta nuna haka tun ranar, ya yi shiru yana zaton kuskurenta ne, amma wasu ma sun auna, kuma masu shirya tseren sun amsa. Abin da ya ragu ba shi da yawa, kamar daga shagon zuwa shataletale ne. Sai dai in aka mayar da shi, hamsin ɗin Yaya ta haura.

Yaya yana riƙe da sukudireba. Ya ajiye ta a hankali, ya goge hannunsa da tsumma, ya tambayi Akawu ko ya tabbata. Akawu ya ce ya tabbata. Yaya ya yi masa godiya, ya raka shi har bakin titi. Da ya dawo ya miƙa hannu ya sauke lambar, ya buɗe durowar da yake zuba tsofaffin kusoshi ya sa ta a ciki.

Na ce masa wannan ai ba laifinsa ba ne, ya yi gudun da aka ce ya yi, agogo ya nuna, duniya ta gani, kuma ba wanda zai bi shi da tef yana awo. Ya saurare ni har na gama.

"Auta," ya ce, "ni na sani ai."

Daga nan abin ya canza kama. A da yana gudun da daɗin rai, ya dawo yana waƙa a banɗaki. Yanzu sai ya zama kamar wanda aka yi wa ƙwace. Ya ƙara kwanakin fita, ya daina hutun da Kofur ke cewa dole ne, ya rame har ƙashin wuyansa ya fito. Aiki ya fara taruwa a shago, abin da ba a san shi da shi ba. Ba wanda ya faɗa da baki, amma duk gidan mun san shekarar da ya shiga. Hamsin da biyu.

Kofur ne ya lura. Suna hawa gadar wata safiya ya ga Yaya ya tsaya ya dafe ƙirji, ya jingina da ƙarfen gefe. Yaya ya ce ƙwannafi ne. Bayan sati ya sake gani. Bai yi masa musu ba, ya bari sai da ya tabbata Yaya yana shago, ya hau babur ɗinsa ya tafi gidan, ya yi sallama, ya tsaya daga ƙofa ya gaya wa Anti abin da ya gani. Ya ce ya san abokinsa zai yi fushi da shi, ya yarda, gara ya yi fushin yana raye.

Ya kuwa yi fushin. Amma Anti ta sa mayafinta ta je ta zauna a shagon a kan wata firiza, ta ce ba za ta tashi ba sai dai su tafi asibiti tare. Aka yi gwaje-gwaje, aka tura shi wurin likitan zuciya. Aka ce ɗaya daga cikin jijiyoyin da ke kai wa zuciyarsa jini ta tsuke, saura kaɗan ta toshe. Aka kwantar da shi, aka yi masa aiki ta jijiyar hannu, aka sa wani ɗan abu da zai riƙe hanyar a buɗe. Likitan ya ce mana da bai yi shekarun nan yana motsa jiki ba, mai yiwuwa da ba a kai ga kawo shi ba. Ya ce zai iya komawa gudu in ya warware, har ma ana so, amma a hankali. Gudun ƙure kai, irin wanda mutum zai matse jikinsa har ya ga duhu, wannan ya bar shi har abada.

Na je duba shi da yamma, Anti ta koma gida ta ɗauko kaya. Ɗakin gado huɗu ne, labule kore a tsakani, wani tsoho a gadon gefe yana tari. Yaya yana kwance cikin rigar asibiti da ta yi masa yawa, an naɗe masa wuyan hannu, waya ta bi ta ƙirjinsa zuwa wata na'ura mai ƙara ɗaya-ɗaya. Na bare masa lemo, ya karɓa ya riƙe bai sha ba. Can ya ce, idonsa a kan silin, "Na zaci na tsere masa."

Ban tambaye shi wa yake nufi ba. Ya ce duk safiyar da ya fita, a ransa yana ganin kamar yana ƙara nisa ne tsakaninsa da kujerar nan ta Baba, ashe abin yana cikin ƙirjinsa, tare suke gudun. Na ce masa ai ya tsere, ga shi muna magana da shi. Ya girgiza kai, ya ce ba tserewa ya yi ba, an dai ɗaga masa ƙafa ne. Sannan ya tambaya ko Kofur ya zo. Na ce tun safe yana waje a kan benci, ya ƙi shigowa. Ya ce in je in ce wa tsohon nan mai kai ƙara ya shigo.

Ya warware sannu a hankali. Ya koma tafiya, ya koma ɗan gudu-gudu. Da lokacin tsere ya matso ya ce zai shiga, gidan ya ɗauki zafi. Anti ta ce sai dai in bayan ranta. Babbar 'yarsa ta yi kuka. Shi bai ɗaga murya ba, ya ce ya tambayi likita kuma an yarda masa, in dai zai bi a hankali. Aka yi kwanaki ana cin abinci ba hira. Daga ƙarshe Anti ta kafa sharaɗi: zai bi Kofur ne ƙafa da ƙafa, kuma Kofur a lokacin gwiwa ta riga ta cinye shi, gudunsa kaɗan ya fi tafiya. Yaya ya yi alkawari.

A shekarar masu shirya tseren sun gyara hanyarsu, sun auna ta da kyau, sun kuma kawo sabon abu. An sa wasu ƙwararru su riƙa gudu da 'yar tuta a baya, kowace da lokacin da aka rubuta a jikinta, duk mai son ya gama a wannan lokacin sai ya bi ta. Abin da ya faru a hanya daga baya na ji shi. Da aka busa usur cunkoso ya raba shi da Kofur, jama'a suka tura shi gaba. Ƙafafun da suka daɗe suna hutawa suka ɗauka da kansu. Kafin ya ankara sai ga shi a gefen mai tutar hamsin, Akawu yana cikin ayarin. Akawu ya zaro ido ya ce ya koma baya. Bai koma ba.

Ya bi su har suka wuce shagonsa, har suka wuce shataletale. Ya ce ƙirjin nan shiru, ba ciwo ko kaɗan, numfashi na shiga yana fita kamar an wanke masa bututu. Rabonsa da jin daɗin jiki irin wannan har ya manta. Ya san in ya haye gadar tare da su, sauran gangara ce. Ya ce ya ji ta a hannunsa, hamsin ɗin, kamar abin da zai miƙa hannu ya ɗauka.

A gindin gadar an ajiye motar asibiti, ƙofarta ta baya a buɗe, ma'aikatan biyu suna zaune a bakinta suna hira, gadon turawa a shirye da farin zane. Ya ce bai ji tsoro ba. Abin da ya zo masa shi ne Anti, wadda ya san tana tsaye a bayan igiya tun da sassafe ba ta karya ba, da kuma yadda za a yi a gaya mata in ya faɗi. Ya rage gudu. Ya ratse gefe ya tsaya a kan dakalin titi. Ya bi tutar da ido tana hawa gadar, tana ƙanƙancewa, har ta faɗa ɗaya gefen. Ma'aikatan suka taso suna tambayar ko wani abu ne, ya ce lafiya lau, aboki yake jira.

Ya daɗe a tsaye mutane suna wuce shi, wasu suna ce masa ya daure saura kaɗan. Can Kofur ya ɓullo yana jan ƙafa. Ya dubi Yaya, ya dubi gadar. Suka hau tare.

Mu a layin ƙarshe mun ga mai tutar ya shigo, Akawu a bayansa, kuma da Akawu ya hango mu sai ya kau da kai. Anti ta riƙe igiyar da hannu biyu. Ba ta sake ta ba sai da ta hango su, tsoho da abokinsa, kafaɗa da kafaɗa, a cikin na ƙarshe-ƙarshe. Da ya iso ta dube shi daga sama har ƙasa, ta miƙa masa ruwa, ta ce su tafi gida rana ta yi. A wurin Akawu ta ji sauran labarin bayan kwana biyu, kuma ta yi sati ba ta yi wa Yaya magana ba sai abin da ya zama dole.

Shekaru sun wuce tun daga nan. Kofur ya daina gudu, idonsa ma ya yi rauni, Yaya kan biya ta gidansa in ya dawo da safe ya riƙe hannunsa su taka zuwa ƙarshen layi. Shagon yana nan, aiki ya koma daidai. Yana fita sau uku a sati, kuma bai taɓa fashin tseren ba, sai dai kowace shekara agogon na ƙara masa wani abu a kan na bara. Na taɓa tambayarsa ko yanzu ya haƙura da maganar. Ina jiran ya ce mini e, irin amsar da manya ke bayarwa. Ya ce a'a. Ya ce har yanzu in ya ga tutar nan tana wucewa sai ransa ya bi ta, kuma yana ganin da ya bi ta ranar da ya samu. Bai yi nadamar tsayawa ba, amma kada in ce bai yi asara ba.

Bana ni kaɗai na je jiransa, don Anti tana wurin babbar 'yarsu da ta haihu. Ya shigo cikin tsakiyar jama'a, furfura ta cika masa kai, ya karɓi ruwa ya zuba rabi a wuya. Ba mu samu abin hawa ba saboda titin na rufe, muka kama hanya a ƙasa. Ina ta ba shi labarin jaririn, wanda bai gani ba tukuna, da yadda aka ce ya ɗauko hancin wane da goshin wane, sai na ji shiru. Na waiga na gan shi a baya, takalman a rataye a wuya, yana taka kwalta da safa, yana ɗan ɗingisa ƙafar hagu.

"Auta, rage sauri," ya ce. "Gwiwar nan ta fara."

Na tsaya ya iso. Na karɓi takalman na riƙe masa, muka ratsa ta kantin magani ya sayi man shafawa, sannan muka wuce gidan 'yar tasa.